Yadda za ka zaɓi falmaran ɗin ɗaukar kayan wasan harbin fenti

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini game da wasan harbin fenti, wanda 'yan wasa ke harbin juna da ƙwayoyin fenti daga bindigar iska, ita ce ta falmaran: wacce zan saya, nawa take, me zan duba kafin in biya kuɗi? Yawancin masu tambayar sun riga sun ga hoton wata a intanet, mai aljihuna birjik gaba da baya, ta kuma kwanta musu a rai. Shawarata a ajiye hoton nan tukuna. Aikin falmaran a wannan wasa ɗaukar kaya ne: ƙwayoyin fenti, tukunyar matsattsiyar iskar da bindiga ke harbi da ita, ruwan sha da 'yan ƙananan tarkace. Don haka kayan da za ka ɗauka su ne za su nuna maka wadda ta dace da kai. Ga matakan nan bi da bi. A bi su yadda suka zo, domin wanda ya fara da zuwa kanti yakan sayi abu ɗaya sau biyu.

1. Tantance irin wasan da kake yi

Wasan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙaramin fili mai shingayen roba da ake hura wa iska, inda zagaye ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna, gudu ne da zamiya da ɓarin fenti ba ƙaƙƙautawa. Mai irin wannan wasa ba ya buƙatar falmaran ko kaɗan. Ɗamarar ƙugu ce tasa, wadda ke riƙe gorunan robar da ake zuba ƙwayoyin fenti a gadon baya. Idan ka ga an rubuta 4+3 a jikin ɗamara, ana nufin manyan aljihuna 4 da madaukan roba 3 a tsakaninsu, wato tana iya ɗaukar gora 7.

Akwai kuma na daji ko na babban fili, inda ake raba runduna biyu a ba kowacce aiki, kamar ƙwato tuta ko tsare wani gini, a shafe awa ɗaya ko fiye ba a koma wurin ajiyar kaya ba. Nan ne falmaran ke da amfani na gaske. Sai na uku, masu bindigar da ke cin magazin, wato kwanson harsashi, maimakon mazubin ƙwayoyi da ake ɗorawa a saman bindiga. Su fentinsu kaɗan ne, amma magazin dole ya kasance kusa da hannu.

Gargaɗi: idan jefi-jefi kake zuwa da abokai, kayan haya kake karɓa a filin, kada ka sayi komai yanzu. Mazubin da ke saman bindigar haya yana cin ƙwaya kusan 200, ya isa gajeren zagaye. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi abin rufe fuska mai gilashi biyu wanda ba ya yin hazo. Ido ya fi falmaran muhimmanci nesa ba kusa ba.

2. Baza kayanka a tabarma ka yi lissafi

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma tushen duk sauran. Fito da duk abin da za ka shiga fili da shi, ka jera, ka ɗauko biro da takarda.

Ƙwayar fenti da aka fi amfani da ita, mai lamba .68, nauyinta kusan giram 3 ne. Gorar roba da ake zuba ƙwayoyin, wadda masu sayarwa ke kira fod, yawanci tana cin 140. Ke nan gora ɗaya cike ta kai giram 420, ban da nauyin robar kanta. Gora 4 sun tasam ma kilo 1.7. Tukunyar iska ta alminiyam ta haura kilo 1. Ruwa lita 2 kilo 2 ne cif. Ita kanta falmaran da aljihunanta za ta kai kilo 1. Kafin ka ɗauki bindiga, kusan kilo 6 ya riga ya hau kanka, kuma da shi za ka yi gudu, ka tsuguna, ka ja ciki.

Sannan ka gwama fentin da iskar da kake da ita. Ƙaramar tukunya mai lamba 48/3000, wadda yawancin sababbin 'yan wasa ke farawa da ita, harbi wajen 500 take bayarwa a cikawa ɗaya, gwargwadon irin bindigar. Babbar mai lamba 68/4500 takan kai wajen 1,000. Yanzu lissafa: mazubi 200, gora 4 kuma 560, jimilla 760. Mai ƙaramar tukunya iskarsa za ta ƙare alhali gora biyu na nan cike a bayansa, ya sha dakon banza. Gora 2 ko 3 sun ishe shi.

Abin da ya rage a tabarmar ƙanana ne amma ba a barinsu: safar toshe bakin bindiga, sandar goge cikin bututu idan ƙwaya ta fashe a ciki, ƙyalle mai laushi na goge gilashi, makullan kwance bindiga, wataƙila da rediyon oba-oba idan rundunarku na amfani da shi. Rubuta adadin kowanne. Wannan takardar za ka riƙe a hannu ranar saye.

3. Zaɓi siffar da ta dace da lissafin

Siffofi uku za ka tarar. Ta farko ta ƙirji ce kawai: faifan aljihuna a gaba, igiyoyi biyu su gicciye a baya. Ba nauyi, baya a buɗe yake iska na shiga, ta fi dacewa da mai magazin wanda tukunyarsa ke jikin bindiga. Ta biyu cikakkiyar falmaran ce mai gaba da baya, wadda ke da wurin goruna a ƙugu da aljihun tukunya a tsakiyar baya. Ita ce ta mai dogon wasa. A cikinta ma akwai mai aljihunan da aka ɗinke dindindin, akwai mai layukan igiya da kake maƙala aljihu inda ka ga dama. Mai ɗinkakkun aljihuna ta fi araha, amma ran da ka sauya bindiga ko salon wasa, sai dai ka sayi wata.

Ta uku ita ce wadda aka ƙera don ɗaukar farantan sulke na sojoji. Ita ce ta fi jan ido a hoto, ita ce kuma na fi hana mutane. An yanka ta ne bisa za a sa mata faranti mai tauri a ciki, in babu shi sai ta saki ta riƙa lilo da kayanka. Ga kauri, ga riƙe zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Yamai ke haura digiri 40, sa irin wannan a yi gudu cikin rana kasada ce ga lafiya. Nemi wadda jikinta raga ne, ko aƙalla cikinta da gefunanta.

Gargaɗi: kada ka sayi falmaran don tsoron zafin harbi. Filaye na ƙayyade gudun ƙwaya, ba a barin ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wasu ma 280 suke tsayarwa. Riga mai dogon hannu da ɗan sirin abin kare ƙirji sun wadatar. Falmaran mai kauri tana hana ka jin an same ka, sai ka ci gaba da wasa da fenti a jiki, alƙalin wasa kuwa zai ɗauka maguɗi kake yi. Ka kuma sani a yawancin filaye, ƙwayar da ta fashe a kan kayanka daidai take da wadda ta fashe a jikinka. Duk aljihun da ya turo waje ƙarin wurin samu ne ka ba abokin karawa.

4. Launi, da maganar hukuma

Shagunan waje cike suke da falmaran masu zanen kakin soja, domin a Amurka da Turai ba laifi ba ne farar hula ya sa. A Najeriya ba haka abin yake ba. Doka ta hana farar hula sa kayan da suka yi kama da na sojoji, rundunar soja ta sha fitar da gargaɗi a kan haka, kuma shigo da kayan soja irin su yadin kaki mai zane da rigar sulke yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Sojojin Ghana ma sun yi irin wannan gargaɗi ga jama'a. A halin tsaron da ake ciki, ba wanda zai so a buɗe but ɗin motarsa a shingen bincike a tarar da abu mai kama da bindiga da falmaran mai zanen soja a gefensa.

Saboda haka ka ɗauki launi ɗaya tak, marar zane. Ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi. Baƙi yana zuƙar zafin rana, yana kuma kama da na 'yan sandan kwantar da tarzoma. Kada ka manna mata tambarin wata runduna, ko tuta, ko rubutun da ke nuna jami'in tsaro. Kada ka sa ta tun daga gida: a cikin jaka za ta je filin, a cikin jaka za ta dawo. Ajiye rasit ɗin saye da na filin wasan a aljihun jakar.

5. Auna jikinka kafin ka duba lamba

Sa rigar da za ka yi wasa da ita, ka ari tef ɗin tela, ka auna zagayen ƙirji a inda ya fi faɗi, da zagayen ciki daidai cibiya, da tsawo daga ƙashin wuya zuwa cibiya. Rubuta da santimita da inci duka, don shagunan Amurka da inci suke aiki. Rubutun da ke cewa girma ɗaya ya isa kowa bai cika zama gaskiya ga siririn mutum ba: za ka ja igiyoyin gefe har ƙarshe, falmaran na nan tana yawo a jikinka.

Tsawo ya fi faɗi wahalar gyarawa. Ƙasan falmaran ya tsaya a wajen cibiya ko sama da ita kaɗan. In ya wuce nan, duk lokacin da ka tsuguna cinyoyinka za su tura ta sama, wuyanta ya daki ƙasan abin rufe fuskarka ya ɗaga shi. Wannan haɗari ne na gaske, domin a cikin fili ba a yarda abin rufe fuska ya gusa ko na ƙiftawar ido. Mata su nemi wadda ake iya sassauta kafaɗunta da gefunanta daban-daban, saboda yawancin falmaran an yanka su ne bisa jikin namiji.

6. Duba yadi da ɗinki da hannunka

A jikin talla za ka ga lamba da harafin D, wato kaurin zaren. Nailan mai 500D, irin na Cordura, shi ne daidai wannan wasa, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Mai 1000D ya fi juriya amma ya fi nauyi da zafi. Masu araha yawanci foliyesta ne mai 600D, wanda zai yi maka aiki in ba kullum kake jan ciki a kan tsakuwa ba. Sai dai yadi ba shi ke fara mutuwa ba. Ɗinki ne, da zif, da maɓallan roba.

Juya falmaran ciki waje. Duba inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jiki: ya kamata ka ga ɗinki mai siffar akwati da gicciye a tsakiya, ko zare da aka maimaita ya yi tudu. In layi ɗaya ne siriri, a nan za ta tsinke ranar da ka ɗora mata tukunya. Sa babban yatsa a cikin madauki ɗaya ka ja da ƙarfi, ka kalli ramukan allura. Idan suka buɗe har kana hango haske, ajiye ta. Matse kowane maɓalli ka saki sau da yawa, ka saurari ƙarar shigarsa, mai kyau yana shiga da ƙas guda ɗaya.

Layukan igiyar nan da ake maƙala aljihu, tsarin MOLLE ke nan, kuma yana da ma'auni tsayayye: faɗin kowace igiya inci 1, tazara tsakanin layi da layi inci 1, ana kuma danne igiyar da ɗinki duk bayan inci 1.5, wato kusan santimita 3.8. Je da ƙaramar rula ka auna. Jabun falmaran da yawa suna kwaikwayon kamannin ne kawai, ramukan ba daidai ba, sai ka sayi aljihu mai kyau ya ƙi shiga.

7. Gwada aljihu da ainihin kayanka

Falmaran da yawa da ake tallatawa an yi su ne don wasan harbin ƙananan ƙwayoyin roba, aljihunansu na siririn magazin ne. Gorar fenti mai cin 140 ba za ta shiga ba. Magazin ɗin fenti ma, irin na bindigar Tippmann TMC mai cin ƙwaya 20, ya fi kauri, don haka ka je kanti da gora ɗaya da magazin ɗaya a jaka. In ta intanet za ka saya, auna naka da rula ka gwada da ma'aunin da mai sayarwa ya rubuta, in bai rubuta ba ka tambaye shi kafin ka biya.

Aljihun gora mai kyau yana riƙe ta ko ka yi tsalle, yana kuma sakinta da hannu ɗaya ba tare da ka waiwaya ba. Akwai mai murfin Velcro, wato ƙyallen nan mai ƙaiƙayi da ke mannewa da ɗan'uwansa, akwai mai roba da ke matse gorar ba murfi. Na biyun ya fi sauri, na farkon ya fi aminci a cikin ƙaya da rassa, amma ƙurar hunturu da busasshiyar ciyawa suna cika Velcro har ya daina kamawa, sai an riƙa tsefe shi da tsohon buroshin haƙori.

Aljihun tukunya kuwa sai in za ka raba ta da bindiga, ka haɗa su da naɗaɗɗen tiyon iska. Hakan na rage wa hannu nauyi ƙwarai a dogon wasa. Nemi tiyo mai makunnin zamewa, wanda ke ba ka damar cire bindiga ba tare da iskar ta tsiyaye ba. Aljihun ya kasance da igiyar da ke kama wuyan tukunyar, ba gindinta kaɗai ba.

Gargaɗi: idan tukunyarka ta iskar CO2 ce, dole ta zauna a tsaye, bakinta sama. A cikinta ruwa-ruwa take, in ta kwanta ko ta kife, ruwan zai bi tiyo ya shiga bindiga, ya lalata robobin ciki, ya kuma sa gudun ƙwaya ya haura ƙa'ida. Kada ka bar kowace irin tukunya a rana ko cikin rufaffiyar mota. Ka kuma duba kwanan watan gwaji da ke jikinta, yawancinsu duk shekara 5 ake sake gwada ƙarfinsu.

8. Jera kayan a jikinta

Mai nauyi ya zauna a tsakiya, manne da jiki, yadda uwa ke ɗaure goyo ba ya lilo ko tana sauri. Tukunya a tsakiyar baya. In da jakar ruwa mai tiyo, ita ma a baya, sai ka sauko da tukunyar ƙasa kaɗan. Goruna a ƙugu ta baya da gefe, murfinsu na kallon ƙasa in a tsaye suke, don hannu ya zaro daga ƙasa, babban yatsa ya riga ya dace da murfin. Mai harbi da dama, hagunsa ne ke ɗura fenti, don haka gorar da zai fara zarowa ta kasance ta ɓangaren hagu. Bahago ya juya tsarin.

Kafaɗar da kake dafa gindin bindiga a bar ta fayau, ba aljihu, ba rediyo, ba maɓalli. Gaban ciki ma kada a cika shi, domin da shi za ka kwanta. Ƙyallen goge gilashi a saka shi cikin leda a aljihu mai zif, in ba haka ba gumi da ƙura za su mai da shi abin karce gilashi.

Wajen maƙala aljihu, saƙa ake yi: igiyar aljihun ta ratsa layin falmaran, ta dawo ta ratsa layin bayan aljihun, ta sake komawa, har ƙasa, sannan a danna maɓalli. Masu gaggawa sukan zura ta kai tsaye ta bayan layukan falmaran kawai, sai aljihun ya riƙa reto yana dukan haƙarƙari.

Cika gora har baki yadda ba za ta yi kacau-kacau ba, amma kada ka danne murfi da ƙarfi a kan ƙwayoyin. Ɓawonsu na jelatin ne: zafi yana sa su laushi su manne da juna, laima tana kumbura su. Ajiye fentin a inuwa, ka cika gorunan dab da shiga fili.

9. Gwaji na ƙarshe

Sa komai, har da abin rufe fuska, ka ɗauki bindiga ba iska a jikinta, safarta a baki. Yi tsalle a wuri ɗaya. Tsuguna, durƙusa da gwiwa ɗaya, kwanta rub da ciki ka ɗaga kai kamar kana leƙen abokin karawa. Idan tukunya ko jakar ruwa ta tokare ƙeyarka ta hana ka ɗaga kai, saukar da ita layi ɗaya ko biyu. Ja dogon numfashi: ƙirji ya buɗe ba takura, amma tafin hannu kaɗai ya iya shiga tsakanin falmaran da jikinka. Rufe ido ka zaro kowace gora ɗaya bayan ɗaya ka mayar. Wadda hannunka bai kai gare ta ba, sauya mata wuri ko ka cire ta. Daga nan naɗe ragowar igiyoyin da ke reto ka ɗaure da roba, don su ne ke kama reshe.

10. Kuɗi

A shagunan intanet na waje, ɗamarar ƙugu takan kama daga wajen dala 20 zuwa 80, cikakkiyar falmaran ta wasan fenti kuma wajen dala 40 zuwa 100. Kamfanoni irin su Valken da Tippmann sun yi falmaran musamman don wannan wasa, HK Army da Dye sun yi suna a ɗamara, Condor kuma na yin masu layukan MOLLE. Mai layukan igiya sau da yawa tsirara take zuwa, kowane aljihu da kuɗinsa, ga goruna, ga tiyo, ga kuɗin jigila da na kwastan. Haɗa duka a takarda, ka buga da canjin ranar, kafin ka ce wata ta fi wata araha. Fara da aljihunan da lissafin mataki na 2 ya nuna, in wasa ya nuna buƙatar ƙari ka ƙara daga baya.

Ta hannu ba laifi, in ɗinkin kafaɗa lafiya yake kuma robobin aljihu ba su saki ba. Maɓallin da ya karye ko zif da ya mutu, mai ɗinkin jaka a kasuwa zai sauya maka da kuɗi kaɗan. Amma a gwanjo ka kula ƙwarai, domin tsofaffin kayan sojojin waje kan faɗo cikin dila, irin waɗanda aka yi magana a kansu a mataki na 4.

11. Wanki da ajiya

Fentin yana fita da ruwa, amma in ya kwana ya bushe yakan bar tabon maiƙo. Da ka dawo gida, fitar da komai daga aljihuna, ka kakkaɓe ɓawon ƙwayoyin da suka fashe, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan da buroshi mai laushi. Ban da bilic, ban da ruwan zafi, ban da guga. Shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana mai ƙarfi tana cinye nailan tana kashe roba. Goruna a wanke su daban, a bar su a buɗe har cikinsu ya bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata duk ƙwayoyin da za ka zuba a gaba. Jakar ruwa a zubar da ragowar, a rataye ta baki a buɗe. Kada ka ajiye falmaran da goruna a cikin aljihunan roba, suna buɗa su har su daina riƙewa.